Hannu Ɗaya a Aljihu

Kaduna, 17 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Kawu Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya ƙafar nan da ke damunka? Yaya Inna Liatu da yara? Mun ji damina ta ɗauke muku da wuri bana, Allah ya sa dawa ta samu ta nuna. Ni lafiya lau, sai zirga-zirgar aji.

Kawu, wani aiki ne ya faɗo mini a ka. Kwalejinmu ta koyon aikin lantarki za ta cika shekara ashirin a watan Mayu mai zuwa, kuma shugabanmu, Alhaji Maiwada, ya ce ni zan tattara tarihinta a buga ɗan littafi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai malaman da suka riga ni zuwa da shekara da shekaru." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ke na ce."

Na juye kabad-kabad ɗin ofis kaf, ban da ɗaya da ke kulle. Rajistar ma'aikata daga 1973 ta fara, shekarar da gwamnati ta karɓi makarantar daga hannun mishan. Abin da ya gabaci haka babu ko layi ɗaya. Sai shekaranjiya na tsinci wani hoto a ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, samari shida a tsugune, mutum biyu a tsaye, a bayansa an rubuta 1964. Ɗaya Alhaji ne tun yana siriri kamar kara. Ɗayan kuwa, Kawu, ko daga nesa aka nuna mini kunnuwan nan na san na gidanmu ne.

Na san ka koyar a nan, amma ba wanda ya taɓa gaya mini da kai aka kafa ta. Shekarata shida a wurin nan, uku ina ɗaliba, uku ina malama, ban taɓa jin an ambaci sunanka ba. Mama kuwa ka san halinta. Ranar da na tambaye ta abin da ya dawo da kai gida, cewa ta yi in tashi in duba tukunya.

Don Allah ka rubuto mini yadda aka fara. Kai ka fara miƙa mini rediyo na buɗe ina 'yar shekara goma sha uku, kai ka jefa ni wannan sana'a, kai za ka fitar da ni. Sannan akwai wata doka da aka rubuta da jan fenti a bangon ɗakin aikinmu: HANNU ƊAYA A ALJIHU. Kowane ɗalibi da ita yake fara karatu, amma ba wanda ya san mai ita.

Ka ba Sanda direba amsar, ya fi gidan waya sauri. Har yanzu kana yawo da 'yar jakar fatar nan a wuya kamar mai tallar magani?

Ni ce 'yarka,
Dinatu Sulemanu

Ƙarfi, 6 ga Nuwamba, 1983

'Yata Dinatu,

Takardarki ta iso, ta sha man ja a motar Sanda amma ta karantu. Muna lafiya, Liatu tana gaishe ki. Ƙafa tana nan, ni da ita mun saba. Masara ta tsira, dawa ta yi rabi, auduga sai abin da Allah ya yi. Jaka tana wuyana, ki bar ta, ba ta ci miki komai ba. Zancen kunnuwa kuma, ki duba madubi kafin ki yi wa wani dariya.

Tun da kin tambaya, ga abin da na riƙe. Ni da Maiwada a hannun wani Baturen mishan muka koyi aiki, mai gyaran rediyo da injin majigi. Da zai koma ƙasarsu ya bar mana mitar awon wuta ɗaya, da wani littafi mai zane-zane wanda gara ta ci bangonsa, da ƙarfen narka dalma wanda sai an ɗora shi kan gawayi. Gadonmu ke nan. Maiwada ɗan Maska ne, ni ɗan Ƙarfi, shi da sallarsa, ni da sujadata, kwanon tuwo ɗaya. Ranar Juma'a ni ke riƙe yara, ranar Lahadi shi ke tsaron rumfa.

Rumfar tana bayan wani sito kusa da layin dogo. In jirgi ya taso sai ki ji an ce "dafe!", kowa ya kife tafi kan 'yan ƙusoshinsa, in ba haka ba su yi tsalle su bar benci. Darasinmu na farko ba allo ba alli. Mu kwance matacciyar rediyo har ƙusa ta ƙarshe, mu zube a tabarma, mu ce wa yaro ya mai da ita. Wanda ya yi kuka ya dawo washegari, mun san zai yi sana'a.

Lokacin yaƙi kowa na son jin labarai, rediyo ta yi daraja, rumfa ta kasa ɗaukar mu. A 1969 mishan ta gina mana ɗaki uku na bulo, yara suka kai arba'in. Shekarar da ta biyo aka ba mu talabijin ta farko. Kwana uku muna zagaya ta kamar an kawo amarya kafin Maiwada ya yi ƙarfin hali ya kwance bayanta.

Dokar bango kuwa, Jibo ne sanadinta, ɗaya daga cikin shidan da kika gani a tsugune. A 1966 ya sa hannu biyu cikin wata babbar rediyo mai amfani da wutar gari tana kunne. Na ga yaron nan ya sandare, haƙora a cije, sai da na make shi da kujera ya saki. Ya rayu, amma ya yi wata guda ba ya iya riƙe cokali. Ke malama ce, kin san dalili: wuta in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji take bi, zuciya kuwa ba ta da haƙurin wannan. In hannu ɗaya yana aljihu, ba ta da wannan hanyar. Ni na sayi fentin, Maiwada ya riƙe mini tsani, da muka koma ɗakunan bulo muka sake rubuta ta. Daga ranar duk wanda na kama da hannu biyu a kan kayan da ke kunne, gida zai wuni. Har ta kai ni kaina in na tsaya gaban benci ban san lokacin da hagu take shigewa aljihu ba.

Daga 1973 kuma sai ki tambayi masu makaranta. Ni a nan tashata ta ɗauke.

In kin je Malumfashi ki gai da uwarki Rahab. Ba sai kin ce daga wa ba.

Naki kawu,
Habila

Kaduna, 12 ga Disamba, 1983

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri, da kai da Inna da yara. Ina rubutu a gurguje ne, Sanda yana jira a ƙofar makaranta yana ta danna ham.

Na karanta wa 'yan ajina labarin Jibo, ba wanda ya yi motsi har na gama. Bayan an tashi na je na gaya wa Alhaji ka rubuto. Ya ce, "Yana lafiya?" Na ce lafiya. Sai ya jawo durowa ya ciro wani ɗan makulli ya tura mini a kan tebur. Ya ce, "Kabad na ƙasa, fayil mai koren bango."

Kawu, na gani. Takardar sallamarka ce, ta watan Maris 1973. An rubuta cewa ranar da manyan baƙi suka zo duba makarantar kafin a karɓe ta, Malam Habila Ishaya ya tsaya gaban babban baƙo da hannu a aljihu, ya daka masa tsawa, ya buge masa hannu har hularsa ta faɗi a bainar jama'a. An sallame shi saboda rashin ladabi, kuma kada sunansa ya shiga sabuwar rajista.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar ko abinci ban iya ci ba. Shekara shida ina kai da kawowa a wurin nan, ashe tsofaffin ma'aikata suna kallona da abin da ni ban sani ba. Na yanke shawara zan sa takardar nan a littafin yadda take, kalma da kalma, kowa ya gani da idonsa.

Sauran magana sai na samu natsuwa. Barka da Kirsimeti tun yanzu.

Dinatu

Kaduna, 20 ga Fabrairu, 1984

Kawu Habila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wata biyu ke nan da kwana takwas da na rubuto maka, ban ji daga gare ka ba. Da farko na ce aikin auduga ne. Da sojoji suka karɓi mulki na ce duk rediyon Ƙarfi sun taru a ƙofar gidanka, ba ka da lokacin alƙalami. Daga baya tsoro ya kama ni, na ce ko ƙafar ce ta kwantar da kai.

Jiya Sanda ya ce ya gan ka a kasuwar Bakori kana cinikin buhu, lafiyarka ƙalau, har ka tsaya kuka gaisa, amma ba ka ba shi komai ba. To na san shirun da gangan ne. In laifi na yi, ka faɗa mini shi in san abin da zan roƙi gafara a kai.

'Yarka,
Dinatu

Ƙarfi, 4 ga Maris, 1984

Dinatu,

Muna lafiya, muna fatan kina lafiya.

Kin ce ranki ya ɓaci, kin ce ana kallonki saboda ni, kin ce za ki buga takardar kowa ya gani. To ki buga. Makarantarku ce, littafinku ne. Amma Ƙarfi ta riga ku gani, tun shekara goma sha ɗaya. Uban da ya haife ni ya gani, yayata, uwarki, ta gani. Ban zaci akwai sauran wanda za a nuna wa ba.

A cikin dangi duka ke kaɗai ce kike shigowa gidana ki zauna ba tare da wannan magana tana tsakaninmu ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na fi jin zafin wannan da na takardar kanta.

Abu ɗaya na roƙe ki: labarin rumfa da na rubuto miki, ki cire sunana daga ciki. Ki ce wasu mutum biyu ne.

Habila

Kaduna, 9 ga Maris, 1984

Kawuna,

Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar aji, na sallami yara na koma ɗaki na yi kuka. Gaggawa ce ta cuce ni, na rubuta rabin magana na bar rabi a cikina. Ba da kai raina ya ɓaci ba, Kawu. Da su ne.

Kai ka manta wadda kake rubuta wa? Ina karanta "hannu a aljihu" na san a gaban benci kake, kuma na san abin da ke kan bencin a kunne yake. Duk wanda ya yi mako ɗaya a ɗakin aikinmu zai gane haka. Shi ya sa na so a buga takardar, a shafi ɗaya da hoton dokar bango, don kowane ɗalibi ya ga an kori mutum saboda dokar da ke tsare ransa kullum.

Wani abu kuma ya dawo mini. Shekarar da ka dawo, na tuna Mama ta kawo keken ɗinkinta gidan Kaka Ishaya, rigunanka tari guda a gefenta, Kaka yana zaune da sandarsa. Ni na ɗauka faci take yi. Sai yanzu na gane aljihu take ɗinkewa. Na yi shekaru ina tsokanarka da jakar wuya ban san abin da nake yi wa dariya ba. Ka yafe mini.

Na koma wurin Alhaji na tambaye shi kai tsaye abin da ya faru ranar. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Ki tambaye shi wa ya kunna."

To na tambaye ka. Ba zan buga komai ba sai da yardarka.

'Yarka har kullum,
Dinatu

Ƙarfi, 1 ga Afrilu, 1984

'Yata Dinatu,

Gaisuwa da sa albarka. Zafi ya sauko mana sosai, muna sharar gona. Liatu ta ce in gaya miki tun farko ta ce ban fahimce ki ba, kuma tun da takardarki ta zo ba ta bar ni na sha ruwa ba da "ai na faɗa". Ni ma ki yafe mini. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga yadda aka yi. Mun shirya cewa talabijin ɗin da za a nuna wa baƙi za a buɗe bayanta su ga kayan ciki, amma a kashe, an sauke mata wuta. Ni da hannuna na sauke. Na fita tarbar baƙi, kafin mu shigo Maiwada ya kunna ta. Ba da mugunta ba. So yake su tarar da hoto yana motsi, su san ba wasan yara muke yi ba, don ana ta raɗe-raɗin za a rufe mu a mai da ɗakunan sito. Ina shigowa na ji ƙarar nan siririya da talabijin ke yi in tana kunne, hagu ta shige aljihu da kanta. Ina cikin bayani sai na ga babban baƙo ya miƙa hannu, da zobensa da agogonsa, zai taɓa jar wayar nan mai kauri da ke manne da kwalbar hoton talabijin ɗin, ɗaya hannun kuma ya dafa ƙarfen benci. Tsakaninsa da ita bai kai taƙi ba. Ban san abin da na ce ba, an ce "Ja da baya!" na ce. Na san dai na buge hannun, hula ta faɗi ta gangara har ƙarƙashin benci.

Shi bai san abin da ya tsallake ba, mutanensa ma haka. Abin da suka gani, wani malamin gyaran rediyo ya tsaya wa babba da hannu a aljihu ya kuma mare masa hannu. Washegari aka kira ni. Da na ce wuta ce, tambaya ta gaba ita ce wa ya bar kayan wuta a buɗe a kunne gaban baƙi. Da mu biyu za a kora, don hular ba za ta koma kai ba ko me na faɗa. Wa zai riƙe yara arba'in? Waɗanda aka turo daga ofis ko fis ɗin rediyo ba su iya canzawa ba. Maiwada ya zo ɗakina yana rantsuwa zai je ya faɗa. Na ce in ya faɗa, ni da shi har abada. Ya ji maganata, kuma ina jin tun ranar bai yafe wa kansa jin ta ba. Ya rubuto mini sau huɗu, ban amsa ba. Ba fushi ba ne, ban san me zan ce masa ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gida. Labari ya riga ni isowa. Kakanki dattijon ikilisiya ne, mutumin da bai taɓa gai da na gaba da shi a tsaye ba. Na ce masa, "Baba, dokar aiki ce, wuta tana kisa." A lokacin ba wanda ya taɓa jin wutar lantarki ta ja shi a Ƙarfi, abin da suka sani batir ɗin tocila. Ya ce, "Wace irin wuta ce ba hayaƙi ba toka? Ba aikin da ya fi ladabi. Ni ban haifi mai sa wa manya hannu a aljihu ba." Ya aika aka kira Rahab da kekenta. Daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, da damina ta zagayo ya rasu. A bakin kabari uwarki ta ce mini, "Kunyarka ce ta kashe shi." Ita ce ta goye ni, Dinatu, ita ta ɗinka mini rigar da na fara tafiya Kaduna da ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan gaisuwarmu ba ta wuce "sannu" a wurin biki ko makoki.

Ba na ɗinka riga mai aljihu tun lokacin. Baba bai janye maganarsa ba kafin ya tafi, ni kuma ban ga wanda zai janye masa ita ba.

Kada sunan Maiwada ya fito a wannan magana. Ya riƙe makarantar, abin da na roƙe shi ke nan. Bikinku kuma ba zan zo ba, shuka ta ƙarato. Sunana a rajista bai dame ni ba. In da abin da nake so kafin in bi Baba, yayata ta san ba ɗan iska ta goya ba. Amma wannan ba aikin littafi ba ne.

Naki kawu,
Habila

Kaduna, 28 ga Mayu, 1984

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan shuka ta kama. An yi biki ranar Asabar. Littafin bai fito ba, masu ɗab'i sun ce sai wata mai zuwa, saboda haka har yanzu ban ci amanarka ba. Amma akwai abin da ya faru wanda ba ni na shirya shi ba, ko in ce rabinsa na shirya.

Na gayyaci Mama. Ban ce mata komai game da kai ba, na ce ta zo ta ga 'yarta a bakin aiki. Ta zo da sabon ɗankwali, aka ba ta kujera a layi na biyu, bayan manyan baƙi. An cika maƙil, tsofaffin ɗalibai daga Kano, Jos, har Legas. Jibo ma ya zo, da furfura da shago uku a Zariya, yana ta tambayarka.

Ni aka sa in nuna aikin talabijin. Na fito da farar rigar aikina, na tsaya gaban benci, baƙi suka matso. Kawu, ban ma san hagu ta shiga aljihu ba sai da na ji muryar Mama daga baya, a hankali amma kowa ya ji: "Dinatu. Fitar da hannun nan." Na waiwaya na ga ta miƙe tsaye, fuskarta kamar za ta nutse don kunya.

Kafin in buɗe baki Alhaji Maiwada ya taso. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, kada ta fitar. Zo ki gani." Ya kawo ta har gaban benci. Ya kashe talabijin ɗin, ya zare wayar daga bango ya nuna mata, ya ce, "Kin ga a kashe take ko?" Sannan ya sa nasa hannun a aljihu, ya ɗauki sukundireba mai waya ya zura ƙarƙashin robar jar wayar. Wuta ta yi tsartuwa, ta ba da ƙara kamar an karya busasshen kara. Mama ta ja da baya ta dafe ƙirji. Ya ce, "Wannan saura ce kawai. Ranar da ƙanenki ya buge hannun baƙo, a kunne take. Ni na kunna ta."

Ya juya ga jama'a ya faɗi komai, tun daga rumfa har hula. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana zaune a kujerar da mutum biyu suka sassaƙa, kuma ya ba ni aikin tarihin ne don ya rasa bakin da zai fara. Ni ban karya maka alkawari ba, shi ya faɗa da kansa.

Abin da ke damuna Mama ce. Ta ƙi cin abinci. Da safe ta shiga motar Sanda, ya dawo ya ce mini ba ta kai Malumfashi ba, a Funtua ta ce ya sauke ta bakin kasuwa. Ina tsoron na kunyata ta gaban mutane, na ƙara ɓata abin da na so in gyara. In ka ji labarinta ka sanar da ni.

'Yarka,
Dinatu

Ƙarfi, 10 ga Yuni, 1984

'Yata Dinatu,

Muna lafiya, ruwa ya sauka sau uku, masara ta fito. Ki kwantar da hankalinki, uwarki tana nan lafiya. Yanzu haka ina jin muryarta a madafa tana koya wa Liatu yadda ake kaɗa miyar da Liatu ta shekara ashirin tana kaɗawa.

Ranar Larabar da ta biyo bikinku ta zo, da hantsi, ina gyaran wata rediyo a gindin ɗorawa. Na ɗago kai na gan ta tsaye da ƙunshi a ka. Na tashi zan durƙusa ta ce, "Zauna." Ta sauke ƙunshin, yadi ne ta saya a Funtua, ta ɗinka riga a kwana biyu. Ba ta miƙo mini ba. Ta ce, "Ina farar rigar da ka dawo da ita?" Na ce tana cikin akwati. Ta ce a ɗauko.

Ta zauna a tabarma ta ciro reza daga bakin zane, ta fara kwance ɗinkin aljihun. Kin san ɗinkin uwarki, ba ya kwancewa da wasa, kuma ranar da ta yi wannan da fushi ta yi shi, layi biyu. Ta daɗe tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, idonta ba kamar da ba. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce, "Ni na ɗinke." Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Na ga wutar. Ba hayaƙi, ba toka." Sai ta ce, "Da Baba ya gani, da shi zai riƙe rezar nan." Na yi kuka, Dinatu, ban ji kunyar yara ba.

Ki gaya wa masu ɗab'i su sa sunana, kusa da na Maiwada, yadda muke a hoton. Takardar sallamar ma ki sa, da dokar bango a gefenta kamar yadda kika so. Ga wata 'yar takarda a ciki ta Maiwada ce, ki kai masa da hannunki. Ki ce masa bayan girbi ina nan tafe, ya tanadi tuwo, kwano ɗaya.

Jakar wuya na ba autanmu yana zuba ƙwallayen goruba, sai ki nemi wani abin tsokanar.

Da uwarki ta gama kwance aljihun ta sa na saka farar rigar. Ta matse ni a ciki, shekaru sun yi aikinsu. Ta ce, "To, sa hannun mu gani." Na tsaya kamar gunki a gaban yayata, na kasa. Hannuna ya manta hanya. Sai da ita ta kama shi ta sa.

Naki kawu,
Habila Ishaya